Agogo Ya Ce In Yi Tafiya

Rikoto, Zuru
12 ga Janairu

Ƙanena Sila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da aikin gadinka da hayaniyar Legas. Mu nan da sauƙi. 'Yarka Praise ta yi mura amma ta warware, ta koma cika mana gida da surutu. Mama Saloma, uwar mijina, tana gaishe ka, ciwon gwiwar nan ne dai bai bar ta ba.

Saƙonka ya iso ta hannun Abdulrashid direba. Na buɗe kwali ina zaton magani ne, sai na ga agogo. Haba Sila! Na ce maka ba na barci, ƙirjina yana matsewa, sai ka aiko mini abin duba lokaci? Lokaci ai na fi kowa saninsa a Rikoto, tunda idona biyu yake wucewa. Na gode dai, kuma na ɗaura. Wani malami a makarantarmu ya haɗa mini shi da waya yadda ka rubuta.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Mama, ko tari na yi tana ji. Wayar kuma rabin yini tana hannun Praise. Bayan haka akwai maganar da bakina ya ƙi faɗa, amma hannuna yana iya rubutawa.

Shekara ta zagayo tun ranar da sojoji suka tsaya ƙofar gidan nan da jakar mijina Aaron, suka ce ya rasu. Kowa ya ce lokaci zai rage zafin, ni kuwa abin gaba yake yi. In babura biyu suka wuce tare, sai in zabura. Makon jiya ina tsakiyar koya wa yara lissafi numfashina ya tsaya, na riƙe allo, na ce musu jiri ne.

Na je asibiti a nan. Suka gwada zazzaɓin sauro, suka gwada taifot, ba su ga komai ba, suka haɗa ni da maganin ƙarin jini. Ina fita wata nas ta biyo ni ta ce a hankali, "Malama, abin da ke damunki ba na jini ba ne. Likitan ƙwaƙwalwa kike buƙata, mu kuwa ba mu da shi, sai babban asibitin birni." Ta ba ni lamba. Na kira har na gaji, ranar da aka ɗauka aka ce in zo ƙarshen Mayu. Mayu fa, Sila! Na je wurin fasto, ya yi mini addu'a da zuciya ɗaya, ya ce in ƙara da azumi, ni da abincin ma ba ya shiga. A zumuntar mata ta coci kuwa aka ce matar soja da ƙarfin hali aka san ta.

Yanzu ga abin da nake roƙonka. Maganar likitan nan ta tsaya tsakaninmu. Ka san a nan ba a cewa asibitin ƙwaƙwalwa, asibitin mahaukata ake cewa. Ka kuma san yaro na gidan ubansa ne. Baba Francis, yayan Aaron, tun bayan makoki yake cewa Praise ta koma wurinsu a Sakaba, dalili kawai ya rasa. In suka karɓe ta, ban san abin da zai tashe ni daga gado da safe ba.

Yayarka,
Dinah

Legas
27 ga Janairu

Yaya Dinah,

Ina gaishe ki ƙwarai, da Mama, da 'yata Praise. Ni lafiya lau, sai tsayuwar ƙofa da ciwon baya.

Na yi dariya da maganar lokaci, amma Yaya, wannan ba agogo ba ne kawai. Irinsa ne a hannun ogan kamfaninmu, kuma da bakinsa ya ce tun da ya saya damuwarsa ta ragu. Yana auna bugun zuciya, yana auna barci, yana ƙirga taku. In zuciyarki ta tashi zai girgiza a hannunki ya ce ki ja numfashi, ki bi shi kawai. In kin daɗe zaune zai ce ki tashi ki taka. Turawa sun bincika, tafiyar ƙafa rabin magani ce.

Abin da ya fi daɗi, duk abin da ya gani ina gani a wayata a nan. Kullum kafin in karɓi aiki sai na duba ki. Barcin bai yi kyau ba, na gani, amma takun ya fara hawa tun shekaranjiya, har na nuna wa abokin aikina ina murna. Ki dage. Wa ya sani, ƙila kafin Mayu ba ki ma buƙatar likitan.

Maganarki tana cikina, ba mai ji.

Ƙanenki,
Sila

Rikoto, Zuru
20 ga Fabrairu

Sila,

Muna lafiya, ina fata bayan naka ya yi sauƙi. Praise ta ce in gaya maka ta iya rubuta sunanta ba tare da ta juya harafi ba.

Zan fara da gaskiya don kada ka ce ba ni da godiya: tafiyar tana taimako. In na fita da sassafe na miƙe wajen gindin dutse, iska ta buge ni, ƙirjin yana ɗan sakewa. Ranar da na taka sosai nakan sami ɗan barci.

To amma ka tambayi ogan naka, a wane gari yake tafiyarsa? Kai ɗan Zuru ne, wa ka taɓa gani a nan yana tafiya don tafiya? Mace in ta fita, gona za ta, ko rijiya, ko kasuwa, ko gaisuwar mara lafiya, kuma da abu a hannunta. Mutum ɗaya ne a garin nan yake zuwa bakin gari da sauri hannu wofi ya juyo, kuma ka san shi, wanda yake kwana bayan tasha. Kullum sai an tare ni: "Malama, ina zuwa haka?" In ce ba ko'ina. Sai su bi ni da ido.

Ranar kasuwa kuma agogonka ya ƙarasa ni. Wani babur ya yi ƙara a bayana, zuciyata ta hau, abin ya girgiza ya ce in numfasa. Ka ce in bi shi kawai, na bi. Na tsaya gaban mai tumatir na rufe ido, ina ja ina saki. Da na buɗe ido mutane sun kewaye ni, wata tsohuwa har ta fara kiran sunan Yesu.

Sai na yi dabara, ni mai wayo. Na ɗauki kwano na rufe da zane, in na fita a ga kamar aike ne. Tambaya ta ragu. Sai dai kwanon wofi iska tana wasa da shi, mai ido kuma ya san ba nauyi, don haka na sa dutse a ciki. Na yi mako biyu lafiya. Ran Talata na biyo ta wurin Maijidda mai kunu, ta ce, "Malama, mi kike saidawa kullum ba ki tallata muna?" Kafin in buɗe baki ta ɗaga zanen. Ta ga dutse, na ga dutse. Allah ya saka wa Maijidda, ta mayar da zanen ta ce, "Ban ga komi ba." Amma mata biyu suna tsaye suna jiran kunu, su kam sun gani.

Ka ga inda muke. Da ina cikin ɗaki ina shan wahalata ba wanda ya sani. Yanzu rabin Rikoto sun san malamar firamare tana yawo da dutse a kwano, kai kuma kana can kana nuna wa abokinka yawan takuna. Mama kuwa ta daina barin Praise ta bi ni coci, ta ce za su zo tare daga baya.

Na sake kiran asibitin ko akwai wanda ya fasa in shiga gurbinsa. Aka ce in yi haƙuri.

Dinah

Legas
6 ga Maris

Yaya,

Ina fata wannan ta same ki da rai da lafiya. Ban sami amsar wasiƙata ba, Abdulrashid ma an ce motarsa ta lalace a hanya, ban san ko kin rubuto ba.

Kin tsorata ni. Fiye da mako agogon bai nuna komai ba, ba taku, ba bugun zuciya, fili kawai. Wayarki a kashe. Na yi ta komawa kan abin da kika rubuta, cewa ba ki san abin da zai tashe ki daga gado ba, har na kasa cin abinci. A bakin aiki na bar wata mota ta shiga ban duba ta ba, aka yi mini faɗa.

Jiya na kasa daurewa na kira Mama Saloma a ƙaramar wayarta. Ta ce kina makaranta, wuta ce ta zo da ƙarfi ta ƙone miki waya da caja. Na gode wa Allah har da hawaye. Da ta ji muryata ta tambayi abin da ya firgita ni haka, sai na ɗan yi mata bayani, cewa ba ki barci, agogon na lura da ke ne kafin ki ga likitan ƙwaƙwalwa a Mayu. Na san kin ce kada a faɗa, amma Yaya, uwa ce, kuma ta karɓi maganar da kyau. Ta yi mini godiya, ta ce ashe haka ne, in kwantar da hankalina, su za su san abin yi. Ina ganin yanzu kin sami mai taimaka miki a cikin gida.

Ga sabuwar caja na haɗo.

Sila

Rikoto, Zuru
19 ga Maris

Sila,

Ina da rai. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Sun san abin yi kam. Kwana biyu bayan wayarka na dawo daga makaranta na tarar babu Praise, babu jakarta, babu takalminta na coci. Mama ta ce Baba Francis ya zo da babur ya ɗauke ta hutu. Wane hutu ana tsakiyar zango?

Abu ɗaya na roƙe ka. Ɗaya! Wayata tana wurin mai gyara, shi ke nan abin da ya faru. Ba ka da lambar makaranta? Ba ka da lambar fasto? Duk Zuru ba ka ga wanda za ka kira ba sai matar da na ce ko tarina tana ji? Wata biyu kana kallon zuciyata a waya kamar mai kallon ƙwallo, ranar da hoton ya ɗauke sai ka ruga ka tona ni.

Ran Asabar aka yi zaman iyali a tsakar gida. Baba Francis ya zo da maza biyu na gidansu, ni kuwa ba ko mutum ɗaya daga gidanmu, tunda Babanmu ya rasu kai ne namijin, kana Legas. Baba Francis ya lissafo laifuffukana ɗaya bayan ɗaya: yawon safe, tsayuwar kasuwa, dutse a kwano. Ya ce, "Duk wannan mun ji mun yi shiru, mun ce zancen mutane ne. Amma ɗan'uwanki da kuka sha nono ɗaya ya faɗa da bakinsa, har na'ura ya ɗaura miki." Na ce agogon ne yake cewa in yi tafiya. Da na ji yadda maganar ta fito daga bakina, ni kaina na san na ƙara wa kaina laifi. Ɗaya daga cikin mazan ya sunkuyar da kai yana girgiza shi.

Sai na daina ɓoyewa. Na ce, "E, Baba, ba ni da lafiya. Tun da ƙanenka ya mutu ba ni da lafiya. Amma ban taɓa barin Praise da yunwa ba, ban taɓa makara a aiki ba, yara arba'in ake bar mini kullum. Magani nake nema, ba a ba ni ba." Mama ta share ido da bakin zane. Ba muguwa ba ce, na sani, ɗa ta rasa, tana tsoron rasa jika. Wannan bai hana ni jin haushinta ba.

Ga hukuncin, ka ji ka yi dariya in kana iyawa. Praise za ta zauna a Sakaba har sai na kawo takarda daga likita cewa kaina lafiya yake. Asibitin da zuwansa ya zama abin kunyata, yanzu takardarsa kaɗai suka yarda da ita.

Na karɓi caja. Na kuma ɗaura agogon, ba don kai ba. Shi kaɗai ne a gidan nan yake sanin lokacin da abin ya taso mini. Amma na sa malamin nan ya cire shi daga wayarka.

Dinah

Legas
4 ga Afrilu

Yaya Dinah,

Ina gaisuwa, in za ki karɓa. Wasiƙunki biyu sun iso tare, ta kwano da ta zaman iyali. Da ta farkon ta zo a kan lokaci, wallahi da ban kira Mama ba. Ba hujja nake kawowa ba. Na yi kuskure, ki gafarce ni.

Na kira Baba Francis, ya ce magana ta wuce waya. Na nemi hutu, aka ce sai Disamba, in na matsa akwai masu jiran rigata a ƙofa. Na sami likitan da ake gani ta bidiyo, amma da na faɗi abin da ake so sai aka ce ba sa ba da irin wannan takarda sai an ga mutum ido da ido. Na yi tunanin a buga abin da agogon ya tara a kai wa Baba Francis, sai na tuna barcinki zai fara gani.

Saura mako bakwai kawai, Yaya. Ki riƙe. Tun da kika cire ni nake duba wayar da safe ina ganin wofi, na san alhakina ne.

Sila

Rikoto, Zuru
2 ga Yuni

Ƙanena Sila,

Na karɓi gaisuwarka, na kuma gafarta maka tun tuni, gajiya ce ta hana ni rubutu. Ina fata kana lafiya. Damina ta sauka, Mama ta shuka 'yar masararta a bayan gida. Muna gaisawa, muna cin tuwo, ba mai ambatar sunan yarinyar.

Na je birni. Yini guda a mota, rabin hanyar kowa yana kallon daji don tsoron 'yan bindiga. Na kwana gidan wata da muka yi makaranta tare, da safe na isa asibitin kafin a buɗe, na tarar mutane sun riga ni har bakin titi. Ashe muna da yawa, Sila. Na ga tsoho da ɗansa soja, na ga mata irina riƙe da jaka a cinya, kowa yana kauce wa idon kowa.

Da layi ya zo kaina, ma'aikacin ya duba ya ce sunana yana nan, amma likitoci biyu ne da, ɗaya ya bar ƙasar, wanda ya rage ba zai iya ganin sababbi ba sai wanda aka kawo a ɗaure. Ya ce an mayar da ni Satumba, ba a kira ni ba? Na ce da zan ƙwace in fasa tagar nan, za a gan ni yau? Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri." Ko sunana bai sake dubawa ba.

Wata nas ta ga yadda na zauna a ƙasa, ta ja ni gefe. Ta tambaye ni yaushe abin ya fara, me nake gani in na rufe ido, ko ina tunanin cutar da kaina. Na ce a'a, ina da 'ya. Tun da Aaron ya rasu ba wanda ya yi mini waɗannan tambayoyin, na yi kuka har na ji kunya. Ta ce abin yana da suna, yana da magani, kuma ba hauka ba ne. Na ce ta rubuta mini haka. Ta ce hannunta bai isa ba, sai likita. Ina fitowa ƙofa agogonka ya girgiza, ya watso furanni a fuskarsa, wai na cika takun yau, barka da ƙoƙari.

Ban wuto gida ba, na sauka na hau babur zuwa Sakaba. Baba Francis bai hana ni shiga ba, ya tambayi takarda, na ce Satumba, ya ce to Allah ya kai mu. Aka kira Praise. Haƙorinta na gaba ya faɗi, ban san ranar ba. An yi mata kitso mai tsauri har goshinta ya ɗaga. Yarinyar da ba a iya rufe mata baki ta zo ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙuwa, ta zauna gefena shiru. Na yi ta jan ta da hira, tana amsawa da kai.

Da zan tafi ta rako ni har bakin zaure, ta riƙe mini zane, ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada a ji. Ta ce, "Mama, an ce kanki ne yake ciwo. Surutuna ne ko? Kin ga yanzu na iya yin shiru. In kin mayar da ni gida ba zan ƙara ba."

Na ce mata ba ita ba ce. Na faɗa, na sake faɗa, ta ce to, amma na ga ba ta yarda ba.

Sila, kada ka aiko mini komai a kwali. Baba Francis ya ce magana ta wuce waya, to ka zo ka zauna gabansa a matsayin namijin gidanmu, ka gyara abin da bakinka ya ɓata. Na san abin da zuwan zai iya jawo maka a wurin aiki, kuma ina roƙonka duk da haka. Ni zan iya jiran Satumba, na saba. Shekarar Praise shida, ita ba za ta iya ba.

Yayarka,
Dinah